Sanarwar da Ta Juya wa Unguwa Baya

A ofishin tsara gari, idan aka ce Baba Ƙusa, ba mai tambayar wane ne. Masinja ne. Shekara talatin da huɗu ya yi a wannan ofishi ɗaya, tun yana ɗaki biyu da baranda har ya zama bene mai hawa uku. Sunan ya fito ne daga aljihunsa na dama, wanda ba ya rabuwa da ƙusoshi 'yan inci ɗaya da rabi. Matarsa, wadda tela ce, ta ɗinke aljihun nan har ta gaji, daga baya ta samo guntun tamfol ta yi masa ciki da shi. Idan ya taho a baranda, ana jin kacau-kacau ɗin ƙusoshin kafin a ga mutum.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kakinsa kullum da sitaci, karin gugar wandonsa kamar a yanka albasa da shi. Ya shigo aikin yana ɗan shekara ashirin da shida, bayan ya gwada kafinta bai zauna ba. Yana ofishin ya yi aure, yana ofishin ya haifi 'ya'ya biyar, duk suka girma suka kama gabansu, gida ya koma daga shi sai Tela da keken ɗinkinta. Sakatarori tara suka zo suka wuce a kan idonsa. Ya san wanda ke shan shayi da sukari uku, ya san wanda ke barci a bayan jarida, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Aikin masinja yana da yawa, amma wanda ya ɗauka nasa na kansa shi ne kafa sanarwa. Ƙa'idar ofishin ita ce, duk wanda zai yi babban gini sai an rubuta sanarwa an kafa a filin, inda jama'a za su gani, ta tsaya kwana ashirin da ɗaya. Mai ƙorafi ya rubuta takarda ya jefa a akwatin da ke cikin zauren ofis. Bayan nan kwamitin tsara gari ya zauna ya duba ko za a ba da izini. Amma kafin a buɗe fayil, kafin injiniya ya warware taswira, sai an kira masinja ya miƙe ya ce: "Na kafa. Ta tsaya kwana ashirin da ɗaya. Jama'a sun gani." Sa'an nan ya sa hannu a babban littafi. Wannan ce kaɗai maganar da masinja ke yi a ɗakin taro, a tsakiyar masu digiri, kuma in bai yi ta ba taro ba ya ci gaba.

Wanda ya koya masa aikin shi ne babban akawun wancan zamani, wani dogon dattijo mai agogon aljihu. Idan ka makara minti biyu ba ya yi maka faɗa. Sai dai ya ciro agogon ya duba, ya dube ka, ya mayar aljihu, kuma wannan ya fi mari zafi. A hannunsa Baba Ƙusa ya koyi sa hannu da alƙalamin da ake tsomawa a tawada, ya koyi naɗe takarda uku ba tare da ta karkace ba. Ranar da zai fita kafa sanarwarsa ta farko, akawun ya rako shi har bakin ƙofa.

"Allon nan," in ji shi, "ka sa shi daidai idon gajeriyar mace, ba idon dogon namiji ba. In mutane sun taru ka karanta musu da ƙarfi, don ba kowa ya yi makaranta ba. Kuma kada ka kuskura ka buga ƙusa ta farko sai ka zagaya filin da ƙafarka. Taswira ba ta san inda mutane suke kwana ba."

Haka ya riƙe. Ko fuloti ne ɗan tafin hannu sai ya jingine kekensa ya zagaya shi. Ya faɗa rami, karnuka sun bi shi, ƙaya ta cinye masa takalma ba adadi. A shekara talatin da huɗu ba a taɓa mayar da sanarwarsa an ce a sake ba.

Ana saura wata biyu ya yi ritaya aka kawo fayil mafi kauri da ofishin ya taɓa gani. Wani kamfani ne yake neman izinin gina katafaren rukunin kantuna a tsohon filin masu yankan katako, wanda aka rufe da daɗewa aka kewaye da katangar kwano. Kanti tamanin, wurin ajiye mota ɗari biyu, da matakala mai tafiya da kanta. Kamfanin ya kawo ɗan samfurin ginin da aka yi da kwali, cikin akwatin gilashi, aka ajiye a zaure. Baba Ƙusa ne ke goge gilashin kowace safiya, don haka ya haddace shi: ga ƙofar shiga ta fuskar titi da 'yan itatuwanta na soso, ga baya inda manyan motoci za su riƙa sauke kaya, ga injinan wuta guda uku a jere jikin katanga, ga wurin tara shara.

Ranar kafa sanarwa gwiwarsa ta tashi da ciwo, keken kuma ya kwana da faci. Direban ofis ya gan shi yana ɗingishi da allo a hamata.

"Baba, hau in sauke ka. Hanyata ce. Amma fa da gudu, Sakatare na jirana a wajen taro."

Bai taɓa zuwa kafa sanarwa a mota ba. Ya zauna a gaba, sanyi na busa shi, har ya ji kamar shi ne mai fayil ɗin. Da suka isa, direban bai kashe inji ba. Baba Ƙusa ya kafa allon jikin ƙofar da ke kallon kwalta, ƙusa huɗu, a miƙe sambal, daidai idon gajeriyar mace. Ya ɗaga kai ya dubi katangar kwanon, ta miƙa har inda ido ya gaji. Ya san bayan filin nan. Shekara ashirin da suka wuce ya zagaya shi, ba kowa sai ciyawa da kududdufi, taswirar ofis ma haka ta nuna. Direba ya danna hon sau biyu. Gwiwa ta yi masa tsami. Ya sa gudumarsa a jaka ya shiga mota.

Cikin waɗannan kwanaki ne mai buga takardun ofis ta tsegunta masa cewa an shirya masa takardar yabo, wadda za a miƙa masa ranar sallama. Har ta karanta masa layin tsakiya a asirce: shekara talatin da huɗu ba a taɓa mayar da sanarwarsa ba. Ya ce mata, "Kai, abin da ba ya cika ciki." Amma da yamma ya gaya wa Tela, washegari kuwa ya tarar ta matsar da kalanda daga tsakiyar bangon falo, ta goge wurin.

Abin da ya fara damunsa akwatin ƙorafi ne. Kullum ƙarfe huɗu yake buɗe shi, kullum wayam. Mako ɗaya, mako biyu, ko takarda ɗaya. Sakatare, wani matashi mai kirki wanda aiki ya sa ya fara furfura da wuri, murna yake yi.

"Ka gani, Baba? Kowa na son kanti."

Amma Baba Ƙusa ya san mutanen garin nan. An taɓa rubuto shafi uku a kan rumfar jiran mota, wai za ta tare wa wani tsoho rana a kan barkonon da ya shuka. An yi ƙorafi a kan famfo. Har katangar maƙabarta an yi wa ƙorafi, wai ta yi tsawo. A ce ginin da ya kai unguwa guda girma ba wanda ya ce uffan? Wannan shirun bai yi masa kama da yarda ba.

Ranar Juma'a, kwana na goma sha tara, da aka tashi daga aiki ya hau kekensa ya nufi filin. Allon na nan yadda ya bar shi, motoci na wucewa fuu, ba mai tsayawa. Ya tura keken ya bi jikin katanga, ya tsallake lambatu, ya sha kwana. Nan ya tsaya cik.

Babu ciyawa, babu kududdufi. Gidaje ne reras, sun fi ɗari, wasu har da fenti da eriya. Hanyarsu ta fita ta wancan ɓangaren ce, wajen tsohuwar kasuwa, ba abin da ke kawo su bakin kwalta. Wani mai wanki da guga ya ɗaura igiyoyinsa jikin katangar kwanon, ya shanya zannuwan gado farare, yana zaune a kan bokiti yana cin gyaɗa.

"Sannu, Baba. Ɓata ka yi ne, ko kayan wanki ka kawo? In kakin nan ne kada ka ba ni, wanda ya goge shi ya fi ni."

"Matata ce. Ɗana, kun ga sanarwa?"

"Wace sanarwa?"

"Ta ginin kantuna. An kafa ta a ƙofar gaba."

"Au, filin nan yana da gaba?" Mai wankin ya yi dariya. "Mu dai bayansa muka sani. Mun ji a bakin mutane wai za a yi kanti. Muka ce a yi mana, mu ma mu ga haske. Yaushe za a fara?"

Kafin ya amsa, aka buɗe wata taga a wani farin gini mai ɗaki huɗu da ke fuskantar katangar. Wata mata mai farar riga ta leƙo, hannunta da kumfar sabulu. Ungozoma ce, ginin kuma ɗan asibitin haihuwa ne na unguwar.

"Baba, daga ofis kake? To tsaya in tambaye ka. Irin waɗannan kantuna ba sa rabuwa da injin wuta. A ina za su ajiye nasu?"

Baba Ƙusa ya dubi katangar, ya tuna akwatin gilashin da yake gogewa. Ya jingine keke, ya sa bayansa jikin kwanon, ya taka zuwa tagarta yana ƙirgawa. Taku goma sha biyu.

"Me kake aunawa?" in ji ta.

"'Yata, zan dawo," ya ce.

A hanyar gida ya yi lissafi. Gobe Asabar, jibi Lahadi, ofis a kulle, akwatin na ciki. Kwana ashirin da ɗaya za su cika ran Lahadi, kwamiti zai zauna Litinin da ƙarfe goma. Ko mutanen nan sun kwana suna rubutu, ba inda za su jefa.

Ranar Asabar da hantsi yana zaune a tsakar gida, ya zube ƙusoshinsa a faranti yana ware masu tsatsa. Tela na kan keken ɗinkinta. Ta bar shi ya ware su sau biyu kafin ta ɗaga ƙafa daga feda.

"Maigida, ƙusoshin nan sun yi maka laifi ne? Tun jiya kake kallonsu kamar su suka cinye maka abinci."

Ya gaya mata duka: motar, hon ɗin direba, gidajen, tagar ungozoma.

"Mota!" in ji ta. "Shekara nawa ina ce maka ka nemi a riƙa kai ka a mota kana ƙi. Rana ɗaya ka hau, ka ga abin da ka jawo. Ashe kai ba jinin sanyi ba ne."

"Ke Tela, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ni fa ina son kantin nan. Ina so in hau matakalar nan mai tafiya da kanta kafin in mutu, in je sama in dawo ban sayi komai ba." Ta ciji zare ta tofar. "In ka yi shiru wa zai sani?"

"Ba kowa."

"In ka faɗa fa?"

"Sai a mayar da sanarwar, a rubuta a littafi. Takardar yabon kuwa..." Ya dubi ƙofar falo bai ƙarasa ba.

"Bangon nan kake tunani? Kalanda ba ta mutu ba, sai in mayar da ita." Ta juyo da kujerarta sosai ta fuskance shi. "Ka ji, baban yara. Ni ban ce ka faɗa ba, ban ce kada ka faɗa ba, ofishinku ne. Amma shekara talatin da ɗaya nake wanke aljihunka, na san ka. In ka haɗiye maganar nan, ni ce zan sha wahala. Za ka yi ritaya ka zauna min a tsakar gida kana gurnani kamar tsohon firji, ba dare ba rana. Ni kuma ina da ɗinkin mutane."

Ta mayar da ƙafa kan feda. Shi kuma ya kwashe ƙusoshinsa, masu tsatsa da marasa tsatsa, ya zuba a aljihu.

Litinin tun ƙarfe takwas ya tare Sakatare a ofishinsa, ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Sakatare ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza idanu.

"Baba, zauna mana."

"Na gode, yallaɓai, a tsaye ya fi."

"To. Ka kafa?"

"Na kafa."

"Ta tsaya kwana ashirin da ɗaya?"

"Ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba."

"To me ya rage? Mota dubu nawa ke bin titin nan kullum? Su ba jama'a ba ne?"

"Jama'a ne, yallaɓai. Amma ba su ne za su haihu a jikin injin ba."

Sakatare ya jawo aljihun tebur ya nuna masa gefen wata farar takarda mai kauri, da jan hatimi.

"An riga an buga, Shugabar kwamiti ta sa hannu. In ka faɗi abin nan a ɗakin taro, dole in rubuta a littafi an mayar da sanarwa, takardar nan kuma ta zama ƙarya, sai a yage ta. Saura maka kwana goma sha ɗaya, Baba. Ni wallahi kai nake ji. Ka bar ni in yi wa kamfanin magana a gefe daga baya, wataƙila su matsar da injinan."

"Wataƙila," in ji Baba Ƙusa.

"Wataƙila," in ji Sakatare, bai kalle shi ba.

Ɗakin taron yana hawa na biyu, da dogon tebur da fanka biyu, ɗaya ba ta aiki tun zamanin sakatare na shida. 'Yan kwamiti bakwai suka zauna. Shugabar kwamitin tsohuwar shugabar makaranta ce, 'yar siririya, tabaraunta na rataye da igiya, kuma rabin mutanen ɗakin ta taɓa sa su durƙuso. Lauyan kamfanin na gefe da jaka mai ƙyalli, yana duba agogo. Baba Ƙusa ya raba ruwa, ya daidaita babban littafi a gaban Sakatare, ya koma bakin ƙofa inda ya saba tsayawa.

"A kira masinja," in ji Shugaba.

Ya yi taku uku, ya haɗa ƙafafu.

"Na kafa. Ta tsaya kwana ashirin da ɗaya."

Sakatare ya riga ya juyo da littafin yana miƙo alƙalami. Shugaba ta ɗaga kai.

"Saura ɗaya, Baba."

"Ranki ya daɗe, na ukun ba ni da shi."

Shugaba ta sa tabarau.

"Yi mana bayani."

Ya yi, a taƙaice, yadda akawu ya koya masa ba da rahoto: abin da ya faru, ranar da ya faru, wanda ya yi. Bai ambaci direba ba, bai ambaci gwiwa ba. Ya ce bai zagaya filin ba, ya kafa a gaba kawai, alhali akwai gidaje fiye da ɗari a baya da ba su san da sanarwa ba, da asibitin haihuwa a daidai inda za a jera injinan wuta.

Lauya ya miƙe yana gyara kwat.

"Ranki ya daɗe, da girmamawa ga dattijon nan, ƙa'ida ta ce a kafa a inda jama'a za su gani. Ba ta ce masinja ya bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa ba. Taswirar ofishinku ce ta nuna babu kowa a wurin. Mu mun cika namu. Ma'aikata na jira, kayan aiki na jira. Ba za a tsayar da aiki irin wannan don wani ya ji a jikinsa ba."

"Injiniya," in ji Shugaba, "taswirar nan shekararta nawa?"

Injiniya ya duƙa ya nemo kwanan wata a kusurwa, ya yi tari.

"Ashirin da biyu, ranki ya daɗe."

"Ta isa aure. Baba, tsakanin injinan da tagar nan nawa ne?"

"Taku goma sha biyu, ranki ya daɗe. Da takuna. Ni kuma kin ga ba dogo ba ne."

Wani ɗan kwamiti ya fashe da dariya, ya toshe baki da hula. Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta dubi Lauya ta saman tabarau, irin kallon da ya sa manyan mutane a ɗakin suka gyara zama ba su sani ba.

"Ɗana, kai a wane ɗaki aka haife ka?"

"Ranki ya daɗe, ban ga abin da ya haɗa..."

"Ni ma ban tambaya don ka amsa ba. Zauna. Ba wanda ya ce ba za ku yi kantinku ba, wataƙila mutanen nan su fi kowa so. Amma ni ba zan buɗe fayil a kan shaida biyu cikin uku ba. A sake kafawa, gaba da baya, kwana ashirin da ɗaya daga yau. Sakatare, rubuta."

Sakatare ya rubuta, ya turo littafin. Baba Ƙusa ya karɓi alƙalami, amma bai sa hannu ba sai da ya karanta, yana bin layi da yatsa. An rubuta cewa an mayar da sanarwa saboda tsufan taswirar ofis.

"Yallaɓai, ba haka na faɗa ba."

"Baba..." in ji Sakatare ƙasa-ƙasa.

"Taswira ba ta da ƙafa. Ni ke da ita, ban taka ba."

Shugaba ta miƙo hannu aka ba ta littafin. Ta karanta, ta dubi Sakatare, ta dubi tsohon.

"Duka biyun gaskiya ne. A rubuta duka biyun. Taswira ta tsufa, masinja bai zagaya ba. A ƙara da cewa masinjan ne da kansa ya faɗa, ba wanda ya tambaye shi." Ta mayar da littafin. "Yaushe ne ritayarka?"

"Saura kwana goma sha ɗaya."

"To ka ja wa kanka. Wanda ya kafa shi ke shaida. Za ka dawo mana ranar zama ko da rigar gida ce."

Ya sa hannu.

Da ya fito, mai buga takardu ta tare shi a matakala idonta ya yi ja, ta ce Sakatare ya ce ta cire layin tsakiya ta sake bugawa. Ya ce mata ta cire, kuma ta yi sauri ta buga masa sanarwa guda biyu, manyan haruffa. Direba ya ji labari, ya zo yana sosa ƙeya.

"Baba, in kai ka? Yau ba mai jirana, wallahi har inji zan kashe."

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Riƙe motarka."

Bayan azahar ya isa bayan filin, allo ɗaure a bayan keke. Mai wanki ya kwance igiya ɗaya ya ba shi wuri yana mita, wai an kore shi tun ba a fara gini ba. Ƙarar guduma a jikin kwano ta fito da mutane daga gidaje: mata da jarirai a baya, wani mai gyaran rediyo da sukurdireba a kunne, tsofaffi biyu da suka jawo bencinsu. Ungozoma ta fito tana goge hannu. Baba Ƙusa ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya karanta tun daga lambar fayil har ƙasa, bai tsallake ko waƙafi ba.

Bai rufe baki ba wuri ya kaure.

"A yi mana ƙofa ta nan baya, ba sai mun zagaya duniya ba!"

"Ƙofar me? Ɓarayi su riƙa bi ta kanmu?"

"Kai dai ka cika tsoro. Me gare ka da za a sata, rediyon mutane?"

"Ni sharar ce damuwata. Ƙudaje fa?"

"Za su ɗauki 'ya'yanmu aiki, ko daga wani wuri za a kwaso?"

"Ku rubuta," in ji Baba Ƙusa. "Duk ku rubuta. Mai so ya rubuta, wanda ba ya so ya rubuta. Akwati na zauren ofis, hannun hagu in ka shiga."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya nuna shi da sanda.

"Ni a kanka zan rubuta. Mutum na barcin rana ka zo kana buga masa kwano a ka."

"Rubuta, yaya. Ka sa kwanan wata."

Ungozoma ta riga ta yago takarda daga littafin awon jarirai, ta ɗora a kan sirdin kekensa tana neman biro a gashinta. Wata tsohuwa ta matso ta kama hannun rigarsa.

"Ɗan'uwa, ban ji wurin manyan motocin nan ba, waɗannan sun cika min kunne. Da wane lokaci za su riƙa zuwa?"

"Ba a rubuta lokaci ba, iya."

"To ai shi ne abin tambaya. Sake karanto min wurin, a hankali."

Ya sa yatsa a kan layin, ya ɗaga murya ta fi ta masu gardama, ya soma daga farkon sakin.